Daga bakin madugu zuwa wayar ɗalibi: yadda labari ke isa Damagaram

Kwanakin baya wani ɗalibina ya shigo aji yana cewa an ɗage jarrabawa. Na tambaye shi inda ya ji, ya ce a WhatsApp. Wa ya rubuta? Bai sani ba. Kafin azahar magana ta game makaranta, daga baya ta tabbata ƙarya ce. Wannan ya sa na koma tarihin garinmu, don in ga yadda magabata ke karɓar labari.

A zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, Zinder mahaɗar ayari ce. Fatake na tasowa daga Tarabulus su bi ta Agadas su sauka a Zango, wasu kuma su zo daga Kano ko Kukawa. Tare da haja suke kawo labari: farashin kaya, halin hanya, wanda ya hau sarauta. Amma kowane labari yana da mai shi. An san madugun da ya kawo shi, kuma in ya yi ƙarya, ba za a sake yarda da shi a kasuwa ba.

Duk da haka, abin da aka ji yakan jawo babban al'amari. A 1893 Rabe ya ci Borno, hankalin fadar Damagaram ya tashi. Da Kyaftin Cazemajou na Faransa ya iso a 1898, an yi zargin zai haɗa kai da Rabe, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojojin Faransa suka dawo, aka gwabza a Tirmini, Zinder ta faɗa hannunsu. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan Damagaram ta wancan ƙarni, kuma ya kamata ya shiga hannun kowane malamin tarihi.

Daga baya rediyo ya karɓi aikin madugu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Iyayenmu kan saurari biyu ko uku, su haɗa da Muryar Sahel, sannan su zauna a majalisa su auna. Wannan aunawar ce ke neman ɓace mana.

Yau ɗalibi na iya buɗe shafin jaridar Le Sahel ko na kamfanin dillancin labarai na ANP ya ga abin da hukuma ta faɗa. Yana iya sauraron Studio Kalangou da Hausa, ko ya duba ActuNiger da Aïr Info. Kowace kafa tana da inda ta karkata, ta gida ko ta waje, kuma samunsu ba tabbas ba ne: hukumomi sun dakatar da RFI a 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024. Saboda haka kada yaro ya rataya a kan guda ɗaya.

Ga abin da nake yi yanzu duk ranar Litinin. Ɗalibi ya kawo labari ɗaya, ya faɗi wanda ya wallafa shi da ranar da ya fito, ya nuna wata kafa ta biyu da ta kawo shi. In ya kasa, mu ajiye shi a matsayin ji-ta-ji-ta. Minti goma ya isa.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Idan yaro ya miƙo muku waya yana cewa ga abin da ya faru, kafin ku tura wa wani, ku yi masa tambayar da ake yi a Zango tun zamanin ayari: wa ya kawo wannan labari?