Jirgin Afrique: An Gudu Ba a Tsira Ba

Ƴan'uwa ɗalibai, in aka ce a faɗi sunan jirgin ruwan da ya taɓa nutsewa, kowa Titanic zai ce, har yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin Madarumfa ba. Mun kalli fim ɗin a gidan bidiyo ko cikin waya, mun san ya yi karo da dutsen ƙanƙara cikin Afrilu 1912, mutum wajen 1,500 suka hallaka. To amma shekara 8 bayan nan wani jirgi ya nutse a bakin gaɓar Faransa, sunansa ma sunan nahiyarmu, Afrique, kuma cikinsa akwai sojoji baƙar fata 192 masu komawa gida. Ni dai tun daga lakwal har lise ban taɓa jin mushe ya ambace shi ba. Shi ya sa na ce bari in kawo muku labarin.

Sai mun fara da sojojin kafin a gane nauyin abin. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, Faransa ta kwashi samari kusan 200,000 daga ƙasashen da take mulka a Afirka, galibi daga yammaci, kuma wajen 30,000 ba su dawo ba. Ana kiransu tirailleurs sénégalais, amma kada sunan ya ruɗe ku. Ba ƴan Senegal kaɗai ba ne. Nasara ya haɗa Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, ya sa masu jar hula iri ɗaya da suna ɗaya. Ƙasarmu a lokacin yankin soja ce, hedkwatarta Damagaram, kuma nan ma an ɗebi mutane. Wasu da son ransu suka tafi, da yawa kuwa dole ce: kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa mai gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. A 1918 kaɗai, da Blaise Diagne, ɗan majalisar Senegal a Paris, ya zagaya da alkawarin gata da girmamawa, an samu sama da mutum 60,000 a Afirka ta Yamma.

An tsayar da yaƙi ran 11 ga Nuwamba 1918, amma komawa gida ba ta zo da wuri ba. Jiragen ruwa sun yi ƙaranci, don jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun nutsar da su da yawa, waɗanda suka rage kuma sun sha aiki babu hutu. Haka sojoji suka yi ta zaman jira cikin sansanoni. Waɗannan 192 sai da suka ƙara fiye da shekara guda kafin layi ya zo kansu.

Jirgin Afrique na kamfanin Chargeurs Réunis ne. An ƙera shi a Ingila a 1907, tsawonsa mita 119, yana tafiya da tururi, wato ana ƙona gawayin kwal a dafa ruwa cikin manyan tukwane, tururin ya juya injuna. Hanyarsa daga Bordo zuwa Dakar, Konakiri, har Matadi a Kwango. Ran 9 ga Janairu 1920 da yamma ya tashi daga Bordo da mutum 602: ma'aikatan jirgi, ma'aikatan mulkin mallaka da matansu da ƴaƴansu, ƴan kasuwa, ayarin limaman mishan tare da bishop ɗin Dakar, Hyacinthe Jalabert, sai sojojin nan da aka zuba a ɗakunan ƙasa, inda talaka ke kwana. Kaftin ɗin jirgin sunansa Antoine Le Dû.

Abin da ya bambanta wannan hatsari da na Titanic shi ne, Afrique bai mutu farat ɗaya ba. Kwana biyu ya yi yana jinya. Ran 10 ga wata, da ya fita daga bakin kogin Jironde ya shiga teku, ya tarar da iska mai ƙarfi da raƙuman ruwa. Sai aka ga ruwa yana taruwa a ɗakin tukwanen wuta. Wannan ba baƙon abu ba ne a jirgi, don haka ne ma aka yi famfunan zuƙe ruwa. Amma tokar kwal da ƙurarsa da ke zube a ƙasa suka jiƙe, jirgi na tangaɗi, suka kwarara suka toshe bakin famfunan. Ruwa ya ci gaba da hawa, wuta ta riƙa mutuwa tukunya bayan tukunya. Babu wuta babu tururi, babu tururi babu ƙarfin inji. Ku duba fa, jirgi mai ɗauke da rai 602, toka ce ta fara karya shi.

Kaftin ya yanke shawarar juyawa zuwa tashar La Pallice kusa da garin La Rochelle, amma jirgin da ya rasa gudu ba ya jin akala. Iska ta riƙa buga shi ta gefe tana tura shi arewa. Ran 11 ga wata da safe ya aika saƙon neman agaji ta wayar iska. Ƙananan jiragen ja da aka turo daga gaɓa suka kasa keta ruwan. Wani jirgin kamfanin, Ceylan, da ke kan hanyar Amurka ta Kudu, ya juyo ya iso da rana, amma haukan ruwa ya hana a ɗaura igiyar ja. Sai dai ya riƙa rakiya daga nesa, yana kallo.

A wannan yanki akwai wani tudun duwatsu ƙarƙashin ruwa da ake kira Rochebonne. An ɗaure wani jirgin ƙarfe mai fitila a wurin don ya gargaɗi matuƙa su kauce. Wajen ƙarfe 10 na dare, iska ta kai Afrique ta maka shi a jikin wannan jirgin fitila, cikinsa ya fashe. Abin da aka ajiye don ceton jirage shi ya ƙarasa shi. Aka yi ƙoƙarin sauke kwale-kwalen ceto cikin duhu, wasu ruwa ya farfasa su, wasu ya kife su. Fasinjoji kuwa kwana biyu suna amai da jiri, da yawa ko miƙewa ba su iya yi, waɗanda suka leƙo suka ga ruwan kuma suka gwammace su zauna cikin babban jirgi. Wajen ƙarfe 3 na dare, wayewar 12 ga Janairu, Afrique ya nutse, kimanin kilomita 40 daga garin Les Sables-d'Olonne. Mutum 34 suka tsira, 568 suka mutu, har da kaftin da bishop. Cikin sojojin, ƴan kaɗan ne suka ga gaɓa. Kwanaki bayan haka ruwa ya yi ta fitar da gawarwaki a bakin yashi.

Ku yi tunanin saurayin da aka ɗauko daga ƙauyen da rijiya gaba 20 ce, bai san iyo ba, ya sha sanyin Turai, ya kwana cikin ramukan yaƙi, harsashi da hayaƙin guba suka ƙyale shi. Ya ɗaure ƴan kuɗinsa da tsarabar uwa, ya hau jirgi, sai ajali ya same shi kwana 3 da tashi, ƙasar Faransa ma ba ta yi nisa ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wannan shi ne hatsarin jirgin fasinja mafi muni da Faransa ta gani a gaɓarta, amma labarin bai daɗe a jaridu ba. Dalili na farko siyasa: kwana 5 bayan hatsarin, ran 17 ga Janairu, aka yi zaɓen shugaban ƙasa, Clemenceau ya janye, Paul Deschanel ya hau, hankalin Paris duk yana can. Na biyu, ƙasar da ta binne sojoji kusan miliyan 1.4 ta gaji da makoki. Na uku kuwa shari'a. Iyalan Turawan da suka mutu sun kai kamfanin kotu, aka yi ta ja har shekara 12, a 1932 aka wanke kamfanin. Su ke nan masu lauya da takarda. Uwar da ke zaune a wani ƙauye cikin sahel, wa zai kai mata labari, balle ta san ƙofar kotun Bordo? Bishop Jalabert yana kan hidimar gina babban cocin Dakar ne, na tunawa da waɗanda suka mutu a Afirka, an kuma gama ginin an tsarkake shi a 1936. Sojojin da suka nutse tare da shi, lamba kawai suka zama cikin lissafi.

Kada a ce ai mantuwa halin duniya ne, babu yadda za a yi. Ga misali daga zamani guda. Ran 21 ga Fabrairu 1917, jirgin Mendi yana ɗauke da mutum 823 na rundunar baƙaƙen leburorin yaƙi daga Afirka ta Kudu zuwa Faransa. Da asuba, cikin hazo, kusa da tsibirin Wight na Ingila, wani jirgi mai suna Darro da ya kusan ninka shi uku ya sare shi a gefe. Cikin minti 25 Mendi ya nutse, mutum 646 suka mutu. Kaftin ɗin Darro bai sauke ko kwale-kwale ɗaya ba, hukuncinsa kuma dakatarwar shekara guda. Gwamnatin farar fata ba ta ba baƙaƙen ko lambar yabo ba. Amma danginsu suka riƙe labarin a baki, suna taruwa kowace shekara, har mulkin wariya ya faɗi. Yau a Afirka ta Kudu akwai lambar jarunta ta ƙasa mai sunan Mendi, 21 ga Fabrairu ita ce ranar sojojinsu, kuma a 2018 Ingila ta mayar masu da ƙararrawar jirgin. Bambancin Mendi da Afrique ba yawan gawa ba ne. Yawancin mutanen Mendi daga ƙasa guda suka fito, labari ya koma gida ya samu masu riƙe shi. Na Afrique kuwa an tattaro su daga ƙasashe da harsuna barkatai, aka lulluɓe su da sunan da ba nasu ba, sai kowa ya ɗauka gawar ta maƙwabci ce.

Gangar jikin Afrique tana nan kwance har yau a zurfin mita 45 ko fiye kaɗan. Mu ba za mu iya nutso mu je can ba, amma akwai aikin da ke hannunmu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai gidajen da har yanzu ake cewa kakan kaka ya tafi yaƙin Nasara bai dawo ba. Tsofaffin da suka ji wannan daga bakin iyayensu suna ƙarewa. In aka yi hutu, ka ɗauki kaye da biro ka zauna gaban kakarka, ki zauna gaban kakanki, a tambayi sunan wanda ya tafi, sunan ubansa, garinsu, da wanda ya ɗauke shi. A rubuta, a kawo mu buga a fitowa ta gaba.