Tafkin Bogoria: Ruwa na Tafasa, Masu Wuri na Jira

A gundumar Baringo ta ƙasar Kenya akwai wani siririn tafki mai suna Bogoria, tsawonsa kusan kilomita 34. A bakinsa, musamman a wurin da ake kira Loburu, ƙasa na fitar da ruwa mai tafasa daga maɓuɓɓugai kusan 200, wasu ma suna fesa shi sama 'yan mitoci. Wanda ya san ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya ɗauka iri ɗaya ne. Na Bogoria ƙwai ake dafawa a cikinsa.

Tafkin yana cikin babban kwarin da ya tsaga gabashin Afirka, inda ɓawon ƙasa ya yi siriri. Ruwan sama yakan bi tsagogin duwatsu ya nutse, ya tarar da dutse mai zafi, sannan ya dawo sama yana tururi. Da yake tafkin ba shi da mafita, rana ke shanye ruwan ta bar kanwa. A wannan ruwan kanwar wata irin gansakuka ke yaɗuwa, ita ce abincin tsuntsayen filamingo da kan taru a nan, wani lokaci fiye da miliyan guda.

Tun kafin Bature ya leƙo, makiyayan Endorois ke zaune a kewayen. Nan shanunsu ke lasar kanwa, nan suke addu'o'insu da bukukuwansu na gargajiya. A 1885 limamin cocin Ingila James Hannington ya ratsa yankin a hanyarsa ta zuwa Buganda, amma aka kashe shi a wannan shekarar kafin ya isa. Sai taswirar 'yan mulkin mallaka ta laƙaba wa tafkin sunan mutumin da wucewa kawai ya yi. Daga baya ne aka dawo da sunan Bogoria.

Sunan ya dawo, amma ƙasar ta suɓuce. A 1973 gwamnatin Kenya ta ayyana wurin a matsayin gandun namun daji, aka fara tashin Endorois. Kamar yadda ƙararsu ta nuna, an yi musu alkawarin wasu filaye, da diyya, da kashi 25 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido. A cikin iyalai 400, 170 ne kawai suka ga wani abu, shi ma sai a 1986. Baƙo ya biya kuɗin ƙofa ya je ya dafa ƙwai, mai wuri kuwa sai ya nemi izini.

Akwai kuma dukiyar da ido ba ya gani. Ƙwayoyin halittar da ke jure zafi da kanwa suna samar da sinadaran da masana'antu ke nema. Masu bincike sun ɗebi samfuri daga tafkunan kanwa na Kenya, har da Bogoria, kuma abin da aka samu ya shiga garin sabulun wanki da aikin koɗar da wandon jins. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta fito tana neman kaso daga kamfanonin Genencor da Procter & Gamble. Irin wannan taƙaddama ce yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta zo warwarewa: a nemi yardar masu wuri, a raba amfani da su.

Endorois sun kai ƙara gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka a 2003. A watan Fabrairun 2010 Tarayyar Afirka ta amince da hukuncin cewa Kenya ta tauye musu haƙƙin mallaka, da addini, da al'ada, da ci gaba, don haka a mayar musu da ƙasarsu, a biya su diyya. Hukuncin ya zama abin kafa hujja ga sauran al'ummomin nahiyar da aka tasa da sunan kare daji. Aiwatar da shi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. A 2011 UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren tarihi na duniya, Endorois suka ce nan ma ba a tuntuɓe su ba.

Yanzu tafkin kansa ya shigo maganar. Tun farkon shekarun 2010 ruwansa ke ƙaruwa, zuwa 2020 ya shanye hanyoyi da gidaje da yawancin maɓuɓɓugan Loburu. Iyalan da aka kora a baya suna cikin waɗanda ambaliyar ta sake tasa, tun ba a gama biyansu bashin farko ba.