Ɓarayin Haya: Yadda Gwajin Kutse Ya Koma Cikin Gida

Ranar Litinin da hantsi aka kai wani baƙo mai gwajin kutse wani ɗakin taro da ba kowa, aka ajiye masa shayi, aka nuna masa wayar sadarwa guda da ta leƙo daga bango. Ba a ba shi sunan shiga ba, balle kalmar sirri. Abin da ya riƙe kawai takarda ce mai sa hannun shugaban kamfanin, wadda ta yarje masa ya shiga duk inda ya iya shiga daga nan zuwa Juma'a, da sharaɗin zai rubuta hanyar da ya bi. Ya jona kwamfutarsa, ya naɗe hannu, ya kasa kunne.

Kwamfutocin ofis akwai surutu. Can sai ga wata daga sashen kuɗi tana cigiyar firintar da aka kwashe tun bara. Ta tambayi uwar garke, aka ce ba a san ta ba, sai ta ɗaga murya ta tambayi duk wanda ke kan layin. Kwamfutar baƙon ta ce ai ga ni. Waccan ko musu ba ta yi ba, ta miƙo shaidar mai ita don a buɗe mata. Manhajar da ke amsa kiran da ba nata ba sunanta Responder, Laurent Gaffié ya fitar da ita a 2012, kuma har yau da ita masu gwajin kutse da dama ke karya kumallo. Abin da baƙon sana'ar ke wuyar yarda da shi ke nan: mai gwajin cikin gida bai cika fasa ƙofa ba, makullan da aka bari a yashe yake bi yana tsinta.

Amma da fasa ƙofar aka fara, kuma sojoji ne suka fara. A watan Afrilun 1967, a wani taron masana kwamfuta a Atlantic City ta Amurka, Willis Ware na cibiyar bincike ta RAND da abokan aikinsa suka yi gargaɗin cewa kwamfutar da mutane da yawa ke tarayya a kanta lokaci guda, ɗayansu na iya kutsawa cikin bayanan sauran. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki maganar da nauyi, ta riƙa haɗa ƙananan tawagogi da ake wa laƙabi da "damisa", aikinsu su afka wa kwamfutocin gwamnati kafin abokan gaba su yi. Wadda ta fi shahara ita ce ta Roger Schell da Paul Karger na rundunar sojin sama, waɗanda suka gwada Multics, tsarin da a lokacin ake tinƙaho da tsaronsa, suka fitar da rahoto a 1974. Ba shiga kawai suka yi ba. Sun dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin ainihin kwafin da kamfanin Honeywell ke rarraba wa masu saye, kamfanin kuwa ya raba ta da hannunsa bai sani ba. Schell ya rubuta daga baya cewa ko da aka shaida wa masu tsarin akwai ƙofar, aka kuma bayyana musu yadda take aiki, sun kasa gano inda take.

Abin ban dariya, su waɗannan magabata ba su yarda da sana'ar da suka haifa ba. Hujjarsu ita ce, in damisa ta shiga, an tabbatar akwai kafa. In ta kasa shiga, ba a tabbatar da komai ba sai cewa wannan damisar ce ta kasa. Shekara hamsin ke nan ba wanda ya rushe wannan hujja, sai dai a kau da kai a miƙa takardar kuɗin aiki.

Da intanet ta iso ga kamfanoni, sai hankalin kowa ya koma kan katanga. Aka sayi katangar tsaro aka kafa tsakanin ofis da duniya, aka ɗauka magana ta ƙare. Tun 1990 Bill Cheswick na Bell Labs ya lura da illar hakan, ya kamanta irin wannan tsari da abin ci mai taurin ɓawo da laushin ciki. Kwakwa ke nan: ka sha wahalar fasa ta sau ɗaya, sauran sai ɗaga kai ka kwankwaɗa.

A Disambar 1993 Dan Farmer da Wietse Venema suka rubuta wata maƙala da ke ce wa masu kula da kwamfutoci hanya mafi sauƙi ta gyara tsaron gidansu ita ce su gwada fasa shi da kansu. A Afrilun 1995 suka saki manhajar da ke wannan aiki, suka raɗa mata suna SATAN, wato Shaiɗan. Jaridu suka yi ca, aka yi ta hasashen intanet za ta rushe, Farmer ya rasa aikinsa a kamfanin Silicon Graphics. Intanet dai ba ta rushe ba. Masu manhajar ma sun tanadi wani umarni mai ma'anar "tuba", wanda in ka buga shi sai sunan ya juye ya koma SANTA, don waɗanda Shaiɗan ya yi wa nauyi a baki.

A wancan zamanin ne kuma aka koyi darajar takardar izini. Randal Schwartz, sanannen marubucin littattafan harshen Perl, yana aikin kwangila da Intel a jihar Oregon a 1993 ya ɗauki fayil ɗin kalmomin sirri ya sa manhaja ta gwada ƙarfinsu, ba tare da wani ya sa shi ba. Ya ce don ya nuna rauni ya yi. A 1995 kotu ta same shi da manyan laifuka uku, kuma sai a 2007 aka goge masa su. Shi ya sa duk ƙwararre a yau ba ya taɓa waya sai takarda na aljihu.

Daga nan kayan aiki suka yi ta zubowa. Nmap ta Gordon Lyon ta fito a mujallar Phrack a 1997, tana ƙwanƙwasa ƙofofin kwamfutoci ta faɗi wacce ke buɗe. Nessus ta Renaud Deraison ta biyo baya daga Faransa a 1998. A 2003 H D Moore ya tattara dabarun fasa ƙofa wuri guda a Metasploit, abin da a da sai gwani ya kwana yana rubutawa ya zama na zaɓa a danna. Tsofaffin hannu har yanzu suna murmushi in aka ambaci MS08-067, ɓarakar Windows da Microsoft ta yi wa facin gaggawa a Oktoban 2008. Shekaru bayan facin, da wuya ka zagaya babban kamfani ba ka tarar da wata tsohuwar kwamfuta a lungu da aka manta da ita ba, tana jiran mai sallama.

Kuɗi kuwa dokoki ne suka kawo su. Ƙa'idar PCI DSS da kamfanonin katin kuɗi irin su Visa da MasterCard suka fitar a 2004 ta wajabta wa masu karɓar kati gwajin kutse duk shekara, a Najeriya ma tsarin tsaron intanet da Babban Banki ya ba bankuna a 2018 ya nemi a riƙa yin gwajin. Inda aka ce dole, nan 'yan cika-aiki ke tsira. Akwai masu kunna Nessus su tafi cin abinci, su dawo su liƙa tambarin kamfaninsu a kan shafi ɗari uku na abin da manhajar ta amayar, su kira shi gwajin kutse. 'Yan sana'a na gaskiya ba abin da ke ɓata musu rai kamar wannan.

Babban sauyin ya zo ne ta Active Directory, rajistar da Microsoft ta shigo da ita tare da Windows 2000. Ita ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci, da kowace kwamfuta, da wanda aka yarda ya buɗe me. Wanda ya mallaki wannan rajista ya mallaki kamfanin. Tun 1997 Paul Ashton ya nuna cewa a Windows ba sai ka san kalmar sirrin mutum ba: niƙaƙƙen tambarinta da kwamfuta ke ajiyewa ya isa ka miƙa a buɗe maka. Amma wanda ya kai maganar kasuwa Bafaranshe ne, Benjamin Delpy. Ya gano Windows na ajiye kalmomin sirrin duk wanda ya shiga a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yadda za a iya zaro su garau. Ya sanar da Microsoft, aka ce masa ai wannan ba matsala ba ce, tunda sai wanda ya riga ya mallaki kwamfutar zai iya. A 2011 ya saki Mimikatz don ya nuna musu abin da ba su gani ba: kwamfuta guda in ta faɗi, makullin duk wani babba da ya taɓa zama a gabanta ya faɗo tare da ita, da shi a buɗe ta gaba, ta gaban ma ta ba da nata.

Delpy ya ba mujallar Wired labarin zuwansa taro a Mosko a 2012. Ya sauka ƙasa ya yi ƙorafin intanet ɗin ɗakin otal ba ta aiki, da ya dawo ya tarar da wani mutum cikin baƙar kwat tsaye kan kwamfutarsa. Bayan ya gabatar da jawabinsa kuma wani ya tare shi ya nemi kwafin manhajar. Kafin ya bar Rasha ya saki asalin rubutunta ga kowa da kowa. Sai a Windows 8.1, a 2013, Microsoft ta rufe waccan kafa.

Yadda cikin gida yake da laushi, kamfanin Target na Amurka ya gani da idonsa. A ƙarshen 2013 ɓarayi suka shigo da makullin wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri, suka kwashe bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40. Da aka kira masu gwaji daga Verizon bayan ɓarnar, rahotonsu da ɗan jarida Brian Krebs ya bankaɗo ya nuna sun mallaki sikelin auna nama a wani kanti, daga kansa suka yi magana da injinan karɓar kuɗi na wani kantin daban. Cikin mako guda kuma suka fasa kashi 86 cikin 100 na kalmomin sirrin kamfanin.

A 2014 Tim Medin ya ƙara wata dabara da aka yi wa laƙabi da gashin Kerberos. Kerberos shi ne tsarin tantancewa da jami'ar MIT ta ƙirƙiro, mai sunan karen nan mai kai uku na tatsuniyar Girkawa. Medin ya nuna kowane ƙaramin ma'aikaci na da damar neman tikitin shiga wata hidima, tikitin kuma da kalmar sirrin hidimar aka kulle shi, don haka sai a tafi da shi gida a yi ta gasawa har ya buɗe. Ba ɓaraka ba ce da za a yi wa faci. Haka aka gina abin. Sannan a Agustan 2016, a taron DEF CON na Las Vegas, Andy Robbins da Rohan Vazarkar da Will Schroeder suka nuna BloodHound, mai sunan karen bin sawu. Tana karanta rajistar ta zana taswira: masinja na cikin wannan rukuni, rukunin na da iko kan waccan kwamfuta, a kanta kuma mai babban makulli ya shiga jiya bai fita ba. Aikin da ke cin kwanaki ana laluben duhu ya koma layi guda a kan allo. Da ɗan gari akan ci gari, ga shi yanzu an samu mai nuna gidan ɗan garin.

Wuƙar da aka wasa don fiɗa, ɓarawo ma ya iya riƙe ta. Ranar 27 ga Yunin 2017 cutar NotPetya ta fito daga wata manhajar lissafin haraji ta Yukren, ɗauke da dabarar Mimikatz haɗe da EternalBlue, makamin da aka sato daga hukumar NSA ta Amurka. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ga kwamfutocinsa na mutuwa ofis bayan ofis. Uwayen garken da ke riƙe da rajistarsa, wajen 150 a faɗin duniya, duk aka shafe su, ban da guda a ofishin Ghana. Abin da ya cece ta ɗauke wuta ne: lokacin da cutar ke yawo ba ta kan layi. Ana buƙatar faifanta a Ingila, ma'aikatan Ghana kuwa ba su da biza, sai ɗayansu ya hau jirgi zuwa Najeriya ya miƙa faifan ga wani ma'aikacin a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Maersk ya sake girka kwamfutoci 45,000 da uwayen garke 4,000 cikin kwana goma, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Haka ma Cobalt Strike da Raphael Mudge ya rubuta wa masu gwaji a 2012, satattun kwafinta suka zama abin hannun masu garkuwa da bayanai suna neman fansa. Har gobe 'yan sana'a na cacar baki kan ko sakin irin waɗannan kaya a fili ya fi amfani ko ɓarna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, in ji ɓangaren Delpy. Kuma tarihin Mimikatz ya nuna Microsoft ba ta motsa ba sai da warin ya cika gari.

Yau kamfanoni da yawa ba sa ma ɓata kuɗi a kan tambayar ko za a iya shigowa. Sai su ba mai gwaji kwamfutar ƙaramin ma'aikaci su ce ɗauka an riga an shigo, nuna mana iya inda za a kai. Manhajojin sa ido sun ƙaru, Mimikatz in aka kunna ta tsirara nan take ƙararrawa ke kaɗawa, don haka aka koma neman kurakuran saiti, kamar waɗanda Schroeder da Lee Christensen suka tono a 2021 a sashen ba da takardun shaida na Active Directory.

Ranar Juma'a da la'asar, mutumin ɗakin taron ya haska taswirarsa a bango. Shugaban sashen kwamfuta ya gyara tabarau yana bin layin da yatsa, daga firintar da babu ita, zuwa kwamfutar sashen kuɗi, zuwa wani asusu da wani ɗan kwangila ya buɗe shekarun baya don adana bayanai, kalmar sirrinsa sunan kamfanin da shekarar da aka buɗe shi. Ya tambayi yaransa wa ke amfani da asusun. Aka kalli juna. Wani daga baya ya ce gara kada a taɓa shi tukuna, don ba wanda ya san abin da zai tsaya in an canza.