Matsalolin shiga asusu da adana kalmar sirri a burauza

Matsalolin shiga asusu a burauza su ne cikas ɗin da mai amfani da intanet ke cin karo da su idan yana son buɗe asusunsa a wani shafi ta hanyar burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan yanar gizo da ita, irin su Chrome, Firefox, Safari, Edge da Opera Mini. Sun haɗa da ƙin karɓar kalmar sirri, da fitar da mutum daga asusu jim kaɗan bayan ya shiga, da ɓacewar kalmomin sirrin da burauza ta adana, da rashin isowar lambar tabbatarwa ta saƙon tes. Sau da yawa kalmar sirrin daidai take, matsalar tana wajen madannai, ko kukis, ko agogon na'ura, ko layin wayar da aka yi rajista da shi.

Asali

An fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta a farkon shekarun 1960, a tsarin CTSS na jami'ar MIT da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató, saboda mutane da yawa na aiki da na'ura guda kuma kowa na son kare fayilolinsa. Ƙa'idar HTTP da Tim Berners-Lee ya gina yanar gizo a kanta ba ta tuna kowa: duk buƙatar da burauza ta aika, sabar tana ɗaukar ta tamkar daga baƙo ta fito. A shekarar 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, ɗan ƙaramin bayani da shafi ke ajiyewa a cikin burauza domin ya gane mai ziyara idan ya dawo.

Har yanzu a kan wannan tsari ake tafiya. Idan mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirri, sabar tana tantancewa, sannan ta bai wa burauza kuki mai ɗauke da shaidar cewa an shiga. Shafin da aka gina bisa ƙa'ida ba ya ajiye kalmar sirri yadda take, sai dai wani sakamakon lissafi da aka ciro daga gare ta, wanda ba a iya mayar da shi zuwa asalin kalmar. Shi ya sa ma'aikatan shafi ba sa iya gaya wa mutum tsohuwar kalmarsa idan ya manta, sai dai su ba shi damar sanya sabuwa.

Kuskuren madannai

Kalmar sirri tana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka maɓallin Caps Lock da aka bari a kunne ya isa ya hana shiga. A wayar hannu kuma madannai na iya mayar da harafin farko babba, ko su ƙara fili a ƙarshen adireshin imel idan aka zaɓi kalmar da suka kawo shawara.

Masu amfani da Hausa suna da nasu tarkon. Wanda ya sa baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, a cikin kalmar sirrinsa a wayar da ke da madannan Hausa, zai tarar da cewa kwamfutar makaranta ko ta shagon intanet ba ta da su, kuma a wajen sabar k da ƙ haruffa biyu ne daban. Haka alamar hamza da ake rubutawa a kalmomi kamar 'ya'ya ko sana'a: wasu wayoyi na fitar da ita a lanƙwashe, wasu a miƙe, ido ba ya ganin bambanci amma na'ura na gani. A Jamhuriyar Nijar, inda madannan Faransanci na tsarin AZERTY suka yawaita, harafin A yana zaune a gurbin Q, Z a gurbin W, kuma lambobin layin sama sai an danne Shift suke fita. Ɗalibin da ya saba da kwamfuta a Kano zai iya rubuta kalmarsa daidai da yatsunsa a Maraɗi ko Damagaram, amma abin da ya shiga akwatin ya zama wani abu dabam. Masu sauya madannai tsakanin Larabci da boko ma kan faɗa cikin irin wannan.

Mafi yawan shafuka suna da alamar ido a gefen akwatin kalmar sirri, wadda ke bayyana abin da aka rubuta. Duba ta ya fi maimaita gwaji, domin shafuka da dama, musamman na bankuna, suna kulle asusu bayan an yi kuskure sau kaɗan a jere.

Kukis, agogo da tsohuwar na'ura

Idan shafi ya karɓi kalmar sirri amma ya sake mayar da mutum shafin shiga, galibi kukis ne aka toshe ko suka lalace. Hanyar ganewa mafi sauƙi ita ce a gwada shiga ta tagar sirri ta burauzar, wadda ke farawa ba tare da tsofaffin kukis ba. Idan an shiga a can, sai a goge kukis ɗin wannan shafin kaɗai. A nan ne mutane da yawa ke yin asara: a wasu burauzoji akwatin goge kalmomin sirri yana jere ɗaya da na goge tarihi da kukis, kuma wanda ya yi wa duka alama ya goge har abin da yake nema.

Wasu shafukan suna dogara da kukis na wani shafi dabam wajen shigar da mutum. Safari ta toshe irin waɗannan gaba ɗaya tun watan Maris na 2020, Firefox kuma ta killace su ga kowa daga watan Yunin 2022, abin da ya sa wasu tsofaffin shafuka ke buɗewa a wata burauza su ƙi a wata. Opera Mini, wadda ta samu karɓuwa a Najeriya saboda rage cin data, tana bi da shafuka ta sabar kamfanin domin a matse su kafin su iso waya. A matakin tanadi mafi tsanani, shafukan shiga masu dogaro da JavaScript kan ƙi aiki, har sai an kashe tanadin ko an koma wata burauza.

Agogon na'ura ma yana da tasiri. Shafukan da adireshinsu ya fara da https suna gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan kwanan watan kwamfuta ya koma baya, kamar yadda yake faruwa idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikinta ya mutu, burauza za ta ɗauki takardar a matsayin mara inganci ta hana buɗe shafin. Manhajojin da ke fitar da lambar tabbatarwa mai sauyawa duk daƙiƙa 30 su ma da agogo suke aiki. Najeriya da Nijar duka suna gaban lokacin GMT da awa ɗaya.

Akwai kuma matsalar da gyaran agogo ba ya magancewa. A ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar tushe mai suna DST Root CA X3, wadda ƙungiyar Let's Encrypt ta dogara da ita, ta ƙare, kuma tsofaffin na'urori da ba a sabunta su ba suka daina buɗe shafuka masu yawa.

Ɓacewar kalmomin da aka adana

Burauza tana haɗa kowace kalmar sirri da adireshin shafin da aka adana ta. Idan mutum ya canza kalmarsa a wata na'ura, tsohuwar ce burauzar za ta ci gaba da cikawa har sai an gyara ta da hannu. Ana ganin jerin a Firefox ta adireshin about:logins, na asusun Google kuma a passwords.google.com. Idan burauza ta ƙi cika kalmar sirri a shafin da ya yi kama da Facebook ko na banki, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne adireshin, domin shafukan bogi na 'yan damfara suna kwaikwayon kamanni amma ba sa iya kwaikwayon adireshi. Ƙin cikawar a nan kariya ce.

Kalmomin kan zama kamar sun ɓace idan an shiga burauza da wani asusun Google dabam, ko an buɗe sabon furofayil, ko an kashe daidaitawa tsakanin na'urori. Suna ɓacewa da gaske idan an yi wa waya filashin ko an sake ɗora Windows alhali ba a taɓa daidaita su da wani asusu ba. Firefox tana ajiye su a fayiloli biyu, logins.json da key4.db, kuma ɗaya ba ya amfani sai da ɗayan. Wanda ya kulle su da babbar kalmar sirri sannan ya manta ta, sake saita ta yana shafe duk abin da aka adana.

Wani lokaci laifin na kamfanin ne. Tsakanin 24 da 25 ga Yuli 2024, wani kuskure a Chrome na 127 a kan Windows ya hana miliyoyin mutane ganin kalmominsu ko adana sababbi na kusan awa 18, kafin Google ya gyara ya kuma nemi afuwa.

Burauzoji suna ba da damar fitar da duka kalmomin a fayil na CSV domin mayar da su wata na'ura. Wannan fayil ba a kulle yake ba, duk wanda ya buɗe shi zai karanta komai.

Layin waya da maido da asusu a Najeriya

A Najeriya babban ƙalubalen yana wajen maido da asusu. Al'ada ce a wurare da yawa mai sayar da waya ko wani ɗan'uwa ya buɗe wa mai saye adireshin Gmail a ranar da aka sayi wayar, mai wayar kuma bai riƙe kalmar sirrin ba tunda ba a sake tambayarsa. Tun daga Android 5.1 na shekarar 2015, wayar da aka goge gaba ɗaya ba tare da an fara cire asusun ba tana neman asusun Google da ke kanta a da kafin ta buɗe. Sai a ranar ne mai ita ke gane cewa bai san adireshin ba balle kalmar.

Hanyar maidowa kuwa yawanci lambar waya ce. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, sannan hukumar sadarwa ta NCC ta sanya 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Layin da aka rufe ba ya karɓar lambar tabbatarwa. Bugu da ƙari, kamfanonin sadarwa suna sake sayar da lambar da ta daɗe ba a yi amfani da ita ba, don haka saƙon maido da asusu na iya zuwa hannun sabon mai lambar.

Abin ya fi shafar ɗalibai. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta fito da tsarin CAPS na ba da gurbin karatu a 2017, kuma daga 2021 ta wajabta NIN. Ɗalibi yana samun lambar furofayil ne ta aika NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da ya yi amfani da shi yana ɗaure da bayanansa. Rajista sai a cibiyar da hukumar ta amince da ita, saboda haka ɗalibi daga mazaɓar karkara kamar Unguwar Hajji a ƙaramar hukumar Ƙaraye, ko daga ƙauyukan Rogo a yammacin jihar Kano, sai ya yi tafiya zuwa inda cibiyar take, kuma a kwamfutar da ba tasa ba ake shigar da bayanansa. Idan layin na aro ne, ko imel ɗin wani ne ya buɗe masa, matsalar ba ta bayyana sai bayan watanni, lokacin da ake buƙatar shiga a karɓi gurbin karatu ko a buga takardar shaidarsa. Adireshin imel ɗin da lambar wayar kan sake zama abin buƙata a rajistar makaranta, da neman rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, da rajistar hidimar ƙasa.

Kwamfutar haya

A shagon intanet ko ɗakin kwamfuta na makaranta, amsa tambayar burauza ta adana kalmar sirri yana bar wa mai zama na gaba mabuɗin asusun. Rufe tagar burauza ba fita daga asusu ba ne, domin kukin yana nan har sai an danna fita ko wa'adinsa ya cika. Wanda ya manta bai fita ba zai iya shiga asusunsa na Google ko Facebook daga wata na'ura, ya duba jerin na'urorin da ke ciki, ya fitar da wadda bai yarda da ita ba, sannan ya canza kalmar sirri.

Akwai kuma mugayen manhajoji da aka ƙera domin kwashe kalmomin sirri da kukis daga burauza, waɗanda kan ɓuya a cikin manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Ɗaya daga cikin sanannunsu, RedLine, 'yan sandan Holan da abokan aikinsu sun tarwatsa sabobinta a watan Oktoban 2024. Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya tanadi hukunci kan kutsawa cikin tsarin kwamfuta ba tare da izini ba.

Mabuɗin shiga

A watan Mayun 2022 kamfanonin Apple, Google da Microsoft suka sanar da goyon bayan tsarin ƙungiyar FIDO na shiga ba tare da kalmar sirri ba, kuma Google ya fara ba da shi ga masu asusunsa a watan Mayun 2023. A wannan tsari na'ura ce ke riƙe mabuɗin sirri, mai ita kuma yana buɗe shi da zanen yatsa, ko fuska, ko lambar kulle allo. Babu abin da ake rubutawa, don haka kuskuren madannai ba ya tasowa, kuma mabuɗin ba ya aiki a shafin bogi. Sai dai a gidan da mutane da yawa ke amfani da waya guda, duk wanda ya san lambar kulle allon zai iya shiga, kuma idan wayar ta ɓata ba tare da an daidaita mabuɗin da wani asusu ba, maidowa tana komawa kan imel da lambar wayar da aka yi rajista da su.