Tarihin Dalilin Aure: Daga Nafisa Zuwa Wayar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa da dama waɗanda suka haura shekara talatin ba su yi aure ba, ko suka yi bai ɗore ba, suna tambaya: shin ya dace a nemi abokin zama ta intanet? In ya dace, wane dandali za a zaɓa? Tarihin dalilin aure zai haska mana amsar.

Neman aure ta hannun wani ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Malaman sira sun ruwaito cewa Nana Khadija (RA) ta aiki ƙawarta Nafisa bint Munya ta ji ra'ayin Annabi (SAW). Sayyidina Umar ya yi wa Usman da Abubakar tayin 'yarsa Hafsa bayan rasuwar mijinta Khunais. Faɗima bint Ƙais ta nemi shawara kan Mu'awiya da Abu Jahm, Annabi (SAW) ya bayyana mata halin kowannensu, ya nuna mata Usama bin Zaid. Dukkan matan nan uku sun taɓa aure, kuma wanda ya tsaya wa kowaccensu ya san ɓangarorin biyu.

Haka abin yake a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Samari da 'yan mata kan ga juna a dandali ko ranar kasuwa. Bazawara kuwa gwaggo ce ko dillaliya mai shiga gida-gida kan yi mata dalili. Daga nan sai bincike kan asali da sana'a da salla da lafiya. Mai dalili ba ta da wurin ɓuya, in ta rufe aibin wani, da ita za a haɗu gidan suna gobe.

Wannan tsari ya raunana. Karatu a wurare irin Kwalejin Abdu Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗaga shekarun aure, tsadar kayan ɗaki ta hana wasu, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka, ya bar mata da marayu a garuruwan da ba a san su ba.

Sai hukuma ta shigo. Bayan Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, jihohi sun kafa hukumomin Hisba. A 2012 Hisbar Kano, ƙarƙashin Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa, ta fara auren zawarawa da mata 100, bayan tantancewa da gwajin jini. A 2013 dubban zawarawa suka yi tattaki a Gusau suna neman gwamnati ta taimaka a aurar da su. A 2024 Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka. Hukuma ba ta san mutum kamar gwaggonsa ba, amma tana da ofis da rajista, ana iya kai mata ƙara.

Intanet kuwa daga waje ta faro. An buɗe Match.com a Amurka a 1995, Musulmin Ingila suka kafa SingleMuslim a 2000, daga baya Muzmatch ta fito, ta koma Muzz a 2022. Wayar GSM ta iso Najeriya a 2001, yau ga masu dalilin aure birjik a WhatsApp da Facebook, wasu na karɓar kuɗin rajista. Zaɓi ya yalwata, sai dai mai haɗawar bai san kowa ba, an ƙulla gaskiya ko ƙarya bai da asara.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, a auna dandali da ma'aunin magabata. Wa ke tafiyar da shi, an san sunansa da mazauninsa? Yana tabbatar da cewa mai hoton shi ne mai maganar? Yana ba da damar shigar da waliyyi cikin hira, kamar yadda Muzz ta tanada? Duk mai neman da ya roƙi kuɗi, ko hoton da bai dace ba, ko haɗuwa a keɓe, a rabu da shi. A yanayin da garkuwa da mutane ta addabi yankinmu, zuwa ganin baƙo a ɓoye kasada ce da rai. Mai nufin alheri zai faɗi unguwarsu da limaminsu, ya zo ƙofar gida da rana.

Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta shar'anta waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kuma bazawara sai ta furta yardarta. Waya ba ta soke ko ɗaya ba. Iyaye su ma su daina ɗaukar jinkirin aure abin gori, domin gori ne ke sa 'ya'ya ɓoye wanda suke magana da shi.

Allah Ya haɗa kowa da abokin zama nagari. Wallahu a'alam.