Me ke sa mutum ya daina jin siririn sautin kiɗa?

Direbobin motocin haya da ke bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙaramar hukumar Ƙiru, ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa da Saminaka, sukan shafe sa'o'i da dama a kowace rana suna sauraren waƙoƙi a cikin mota.

Wani koke da masu gyaran rediyo suka saba ji daga bakin irin waɗannan direbobi shi ne cewa sauti ya dushe. Ganga tana fita, muryar mawaƙi tana fita, amma kukan goge ko kukuma ya rasa kaifinsa, ƙarar caki kuwa kamar an cire ta daga cikin waƙar.

Akasari akan ɗora laifin ne a kan lasifika, kuma sau da yawa laifin nata ne. To sai dai likitocin kunne na cewa ɓacewar siririn sauti na daga cikin alamun farko na raunin ji, kuma mutum kan yi shekaru da wannan matsala ba tare da ya ankara ba.

Mene ne siririn sauti?

Sauti dai kaɗawar iska ce, kuma ana auna kaurinsa ko sirantarsa ne da yawan kaɗawar da yake yi a cikin daƙiƙa ɗaya.

Kunnen yaro mai ƙoshin lafiya yana iya jin sauti daga mai kaɗawa 20 zuwa mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Rugugin tambari yana can ƙasa, kukan gyare da dare kuma yana sama. Yawancin manya ba sa jin abin da ya haura kaɗawa 15,000 ko 16,000, kuma wannan ba ya hana su komai.

Ainihin sautin kayan kiɗa ba kasafai yake wuce kaɗawa 4,000 ba. Amma kowane kayan kiɗa yana fitar da wasu ƙananan sautuka a saman ainihin sautinsa, kuma su ne ke bambanta kukan algaita da na sarewa, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos da gurmin Haruna Uji. Idan suka ɓace, waƙar tana nan, sai dai za a ji ta kamar an lulluɓe rediyon da bargo.

Idan matsalar daga na'ura ce

Lasifika mai inganci tana da sassa aƙalla biyu. Babban faifai yana fitar da kakkauran sauti, ƙaramin kuma, wanda masu gyara ke kira tuwita, shi ke fitar da siririn. Wayar da ke naɗe a cikin ƙaramin siririya ce ƙwarai, saboda haka shi ne ke fara ƙonewa idan aka ƙure ƙara har sauti ya soma gargada. Babban faifan zai ci gaba da aiki, shi ya sa mai mota ba ya gane cewa wani abu ya mutu.

Haka kuma siririn sauti yana tafiya ne a miƙe, ba ya zagaye abubuwa kamar yadda kakkaura ke yi. A motoci da dama lasifikar tana ƙasan ƙofa ne, tana fuskantar ƙafafun fasinjoji, ko kuma tana bayan mota inda ake jibge kaya a kanta. Buhun masara guda ɗaya ya isa ya tare siririn sautin baki ɗaya. A ɗaki ma, lasifikar da aka tura bayan kujera ko labule haka take yi. Ƙurar hunturu da ke toshe ragar gaban lasifika, da iskar da ke shigowa ta taga a kan doguwar hanya, suna ƙara dagula lamarin.

Wani lokaci kuma waƙar ce ta iso a gurgunce. Tashoshin matsakaicin zango da na gajeren zango ba sa ɗaukar abin da ya wuce kaɗawa 5,000 da yawa, yayin da na zangon FM ke kaiwa 15,000. Waƙoƙin da ake matse su domin su samu gurbi a katin waya sukan rasa sautin da ke can sama. A zamanin kaset kuwa, datti a kan bakin da ke karanta zaren kaset shi ne babban dalili, kuma ɗan auduga kan magance shi.

Idan daga kunne ne

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ƙananan gasu, kimanin 16,000 a kowane kunne, waɗanda ke mayar da kaɗawar sauti zuwa saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa.

Waɗanda ke bakin katantanwar su ne ke kula da siririn sauti, na can ƙurya kuma kakkaura. Na bakin su ne suka fi saurin lalacewa, ko dai saboda shekaru ko saboda ƙara, kuma a jikin ɗan Adam idan suka mutu ba sa sake tohowa.

Abin da ya sa matsalar ke ɓuya shi ne mutum yana ci gaba da jin ƙarfin magana. Wasula da hawa da saukar murya, waɗanda Hausa ta dogara da su matuƙa, suna cikin kakkauran sauti ne. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f kuwa suna cikin siririn. Don haka kalmomin sara da shara da tsara da fara za su iya zame wa mai wannan matsala kusan abu guda, musamman a cikin hayaniyar kasuwa ko tasha.

Irin wannan mutum yakan ce yana ji amma ba ya fahimta. Ya fi shan wahala da muryoyin mata da na yara, kuma yakan zargi iyalinsa da yin magana ƙasa-ƙasa. A gidaje da dama akan ɗauki hakan a matsayin faɗa ko rashin kula, alhali ciwo ne.

Ƙarar da ke yi wa kunne illa

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da ita ita ce kada mutum ya wuce sa'o'i 8 a rana cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ke nan a desibel 100 minti 15 kacal ya rage.

Wanda ba shi da na'urar awo yana iya gane hakan da kansa: idan sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da shi ya ji abin da yake faɗa, to ƙarar wurin ta kai matakin yin illa.

A yankin kudancin Kano, inda noma da sarrafa amfanin gona suka fi yawa, ba sai an je masana'anta ba kafin a gamu da irin wannan ƙara. Masu aiki a injinan casar shinkafa na Tudun Wada, da masu injin niƙa da na markaɗe a garuruwan Bebeji da Ƙiru, da masu tayar da injinan ban-ruwa a gonakin rani da ke kewayen madatsar ruwa ta Tiga, da masu fasa dutse a wuraren haƙar ma'adinai na Riruwai, duk sukan wuni a kusa da ita, kuma da wuya a ga mai toshe kunne a cikinsu. Ga kuma janareta, da manyan lasifikokin da ake kafawa a wuraren biki da tarukan siyasa, inda yara suka fi kowa matsawa kusa.

Ga direba kuwa, tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a shekarar 1972, yana zama ne a ɓangaren hagu, saboda haka kunnensa na hagu ne ke shan iska da ƙarar manyan motoci. Idan ya ƙara wa rediyo ƙarfi domin ya rinjayi wannan hayaniya, to ya haɗa wa kunnensa ƙara biyu.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa biliyan 1.1 na fuskantar haɗarin raunin ji sakamakon sauraren sauti mai ƙarfi. A wani rahoto na shekarar 2024, ofishin hukumar mai kula da Afirka ya ce mutane miliyan 40 ne ke fama da raunin ji a yankin, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 54 a shekarar 2030. Najeriya tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun shekarar 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, ko da yake ba kasafai ake ganin tasirinsu a ƙauyuka ba.

Magunguna da cututtuka

Wasu magunguna ma suna lalata waɗannan ƙwayoyin halitta, kuma daga na siririn sauti suke farawa. Daga ciki akwai allurar jentamaisin da ta siteraftomaisin, idan aka wuce ƙima ko aka daɗe ana yi. Kwinin kan haddasa ƙugi a kunne, wanda galibi yakan gushe bayan an daina sha.

Sanƙarau da ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa su ma kan bar mutum da raunin ji, amma nasu yakan zo ne farat ɗaya.

Yadda za a bambance

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa yaro ko matashi ya zauna a kujerar direba ya saurari waƙar. Idan shi ma ya ji ta a dushe, to a nufi wurin mai gyara. Ana kuma iya rage ƙara, a kara kunne a jikin ƙaramin faifan na dama da na hagu, domin a ji ko ɗaya ya yi shiru.

Amma idan waƙar tana dushe a mota da gida da wayar salula duka, ko kuma akwai ƙugi ko shuu a kunne bayan an tashi daga aiki, to alamu sun karkata ga kunne. Murɗa makunnin siririn sauti har ƙarshe yana iya ɗan taimakawa, sai dai ƙara ƙarfin rediyo baki ɗaya yana ƙara ɓarnar ne.

Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe hanya, kuma ma'aikacin lafiya zai iya cire shi cikin ɗan lokaci. Likitoci na hana sa tsinke ko ashana ko gashin kaza a kunne, domin suna tura dattin ciki, suna kuma iya huda dodon kunne.

Cikakken gwajin ji ana yin sa ne a ɗaki marar hayaniya, inda ake auna kowane kunne da sautuka daga kaɗawa 250 zuwa 8,000. Raunin da ƙara ta haddasa yakan bayyana ne a daidai kaɗawa 4,000. Mazauna waɗannan ƙananan hukumomi huɗu galibi sai sun je birni kafin su samu wannan gwaji, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuma a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a shekarar 1999.

Na'urar taimaka wa ji ba ta dawo da abin da ya mutu, amma ana iya saita ta ta ƙara ƙarfin siririn sauti kaɗai. Wanda kuwa ya wayi gari kunnensa ɗaya ya daina ji kwatsam, likitoci na cewa kada ya jira ranar kasuwa kafin ya shiga mota zuwa asibiti, domin maganin wannan nau'i ya fi yin tasiri a cikin 'yan kwanakin farko.