Fadar Ji da Mutum-mutumin Tagulla

In mutum ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, daidai mahaɗar muƙamuƙi, sa'an nan ya buɗe baki, zai ji wani ɗan gurbi ya lotsa. Wannan gurbi shi ne masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suke kira Tinggong, watau Fadar Ji. A nan suke soka siririyar allura in mutum ya zo musu da kukan kunne ko kurumta. Sunan ya daɗe ƙwarai, gama yana cikin tsohon littafinsu na magani, Huangdi Neijing, wanda aka tattara kimanin shekara 2,000 da suka wuce.

A da, daga littattafan da aka kwafa da hannu ake koyon waɗannan gurabu. To, kowane mai kwafi da irin kuskurensa, har aka kai ga malamai suna saɓa wa juna. Ga shi kuwa kewayen kunne wuri ne mai jijiyoyi da yawa, in allura ta kauce sai ta yi ɓarna.

Saboda haka a zamanin Sarki Renzong aka umarci wani likitan fada, Wang Weiyi, ya daidaita al'amarin. A shekarar 1026 ya gama littafinsa. A 1027 kuma aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla a Kaifeng, babban birnin ƙasar, kowanne tsawonsa kamar na mutum. Aka huda gurabu fiye da 350 a jikinsu, aka rubuta sunan kowanne. An ruwaito cewa ranar jarrabawa akan shafe mutum-mutumin da kakin zuma, a cika cikinsa da ruwa. Sai a ce wa almajiri ya soki gurbi kaza. In ya dace, ruwa ya ɗigo. In ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Amma sanin inda gurbi yake daban, sanin amfaninsa daban. A 1822 Sarki Daoguang ya hana aikin allurar a makarantar likitocin fada. Bayan 1949 gwamnatin Mao ta sake ɗaukaka shi. Wajen 1968 aka baza labari cewa ma'aikatan lafiya na soja suna warkar da yara kurame da allura a ƙeya da kewayen kunne. Iyaye suka sa rai ƙwarai, amma da aka gwada jin yara da na'ura daga baya, ba a sami abin da ya gaskata labarin ba.

Yanzu Fadar Ji tana cikin gurabu 361 waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu, ana kuwa amfani da ita a Sin da wasu ƙasashe. Duk da haka ba a tabbatar allura tana komo da ji ba in jijiyar kunne ta mutu. Yaron da ba ya ji, abin da ya fi masa shi ne a kai shi asibiti da wuri a duba kunnensa.